Sandar kyamara ta tafiya: abin da hannuna ya taɓa

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka samu kyamara da lens, wato madubin gabanta mai jawo nesa, mai milimita 70 zuwa 300, kana shirin tasowa daga Marwa ka biyo ta Garwa, ka leƙa gandun dajin Binuwai, ka ƙarasa Ngaundare, kuma kana neman sandar kyamara mai ƙafa ɗaya, wato monofod, ƙarama mara nauyi. 'Yan'uwa sun jero maka sunayen kamfanoni, Allah ya saka musu da alheri. Ni abin da zan ƙara maka shi ne wanda hannuna ya taɓa, domin na daɗe ina cin abinci da kyamara a nan Garwa, daga gidajen biki zuwa hawan salla zuwa bakin filin ƙwallo na Rumde Ajiya ranar da ƙungiyar Coton Sport ke wasa.

Kafin ka tambayi nauyinta, tambayi tsawonta idan an naɗe ta. Wannan ne ma'aunin farko ga matafiyi a ƙasarmu. Sandar da ta kai santimita 60 a naɗe ba za ta shiga jakar goyo ba, dole ka ɗaure ta a waje. Kai da za ka hau bayan babur, ka cusa cikin mota mai mutum goma sha, ka wuce shingayen jandarma tsakanin Marwa da Garwa, baƙar sanda a ɗaure a gefen jaka tambaya take jawo maka a kowane shinge, kuma tana saƙale ƙofar mota da rigunan mutane. Nemi wadda ke komawa santimita 38 zuwa 45. Irin wannan tana kwanciya cikin jaka kusa da gorar ruwa, ba wanda ya san da ita. Ko jirgin sama za ka hau wata rana, ƙaramin akwatin hannu yawanci tsawonsa santimita 55 ne, za ta shiga ba gardama.

Sai dai gajarta tana da farashi. Sanda tana naɗuwa ne gaɓa cikin gaɓa, kamar eriyar tsohon rediyo. Yawan gaɓoɓi shi ke sa ta gajarce, amma kuma shi ke sa gaɓar ƙasa ta sirance, ga makullai da yawa da za ka buɗe kafin ka ɗau hoto. Mai gaɓa huɗu ta fi tsayuwa, mai shida ta fi naɗuwa. Ni a wurina biyar ce tsakiya, shida kuma ba laifi idan ƙirar kirki ce. Ka miƙe ta gaba ɗaya a gaban mai kanti, ka dafa samanta ka danna da nauyin jikinka. Idan gaɓar ƙasa ba ta kai kaurin ɗan yatsanka ba, ko ka ga tana lanƙwasa kamar karan dawa, ko wata gaɓa ta zame ciki, mayar masa da kayansa.

Wannan gwajin ban koye shi a banza ba. Sandata ta farko a kasuwa na saye ta, mai araha, ba ko suna a jikinta. Ranar wata babbar salla ina tsaye a ƙofar fada, rana ta take, dawakai sun jeru da lifidi da kayan ado, masu algaita da kakaki sun cika kunne. Na ɗora kyamara, na sa ido, na bi wani mahayi da ya sako dokinsa a guje yana ɗaga mashi. Daidai lokacin da ya ja linzami doki ya yi tsaye da ƙafafun baya, ƙura ta turnuƙe, sai makullin tsakiya ya saki. Sandar ta nutse kamar taƙi guda, kyamara ta bugi girata, hoton ya fito rabi sama rabi rawunan mutane. Igiyar wuya ce ta ceci kyamarar. Da na koma gida na kwance makullin, ashe robar ciki ta tsage, ƙura ta cika ta. Har yau ina jin ciwon wannan hoton, domin doki ba ya maimaita maka tsayuwa.

Shi ya sa zan daɗe a kan makulli, don nan ne sanda ke mutuwa a arewacin Kamaru. Iri biyu ne: akwai na murɗawa, akwai na ɓallawa mai ɗan marfi. Na ɓallawa ya fi sauri, kuma da ido kana ganin a buɗe yake ko a kulle. Amma yana kwancewa a hankali, sai ka riƙa ɗaure shi da ɗan makulli mai kusurwa shida, kuma marfin yana saƙale kaya a jaka. Na murɗawa shi na fi so, saboda dalili ɗaya: ana kwance shi gaba ɗaya da hannu a wanke. Ka san hunturunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama ba inda ba ta shiga. Duk bayan tafiya nakan warware gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, in goge da tsumma mai ɗan danshi, in bar su su bushe, in mayar. A cikin kowace gaɓa akwai 'yan siraran robobi guda biyu masu riƙe ta, ka kula kada su ɓace, kuma ka lura da yadda suke zaune kafin ka cire. Kada ka ɗiga mata baƙin mai ko man keken ɗinki. Mai yana kama ƙura, su haɗu su zama taɓo mai cin zaren makullin.

Batun abin da aka ƙera sandar da shi, alminiyam ko kabon (wani zare mai ƙarfi da ake daskarar da shi, ba ƙarfe ba), aljihunka ne zai yanke. Kabon ya fi sauƙin nauyi, ba ya ɗaukar zafi sosai, kuma yana shanye girgiza. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, baƙar sandar alminiyam da aka bari a rana sai ka sa tsumma kafin ka riƙe. Amma bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba, sau da yawa giram 150 zuwa 200 ne. Ga misali biyu don ka samu ma'auni: Sirui P-326 ta kabon ce, gaɓa shida, nauyinta wajen giram 400, tana naɗuwa zuwa kimanin santimita 38, tana miƙewa ta haura 150. Manfrotto Element MII ta alminiyam ce, gaɓa biyar, wajen rabin kilo, santimita 43 a naɗe. Alminiyam idan ya bugu lotsawa yake yi, ka ci gaba da aiki. Kabon idan ƙofar mota ta datse shi tsagewa yake, shi ke nan. Idan za ka riƙa jefa jakarka saman mota tare da buhunan albasa, alminiyam ya ishe ka, ragowar kuɗin ka sayi batir na biyu.

Tsawo kuma da idonka za ka auna, ba da kanka ba. Kyamara tana ƙara wajen santimita 8 zuwa 10 a kan sanda, saboda haka mutum mai tsayin 170 sanda mai 150 za ta kai masa. Idan kai dogo ne nemi mai 160, in ba haka ba yini ɗaya bayanka zai gaya maka. Nauyin da aka rubuta tana ɗauka ya ninka na kayanka sau biyu ko uku. Kyamararka da wannan lens da wuya su wuce kilo ɗaya da rabi.

Duba sukurun da ke samanta. Ramin sukurun da ke gindin kyamara rubu'in inci ne, na kawunan da ake ɗorawa tsakanin sanda da kyamara don juya ta kuma yawanci uku bisa takwas na inci. Sandar kirki sukurunta yana juyuwa ya ba ka duka biyun, kuma na ƙarfe ne. Je da kyamararka ka ɗaura a wurin. Ba sai ka sayi kai mai ƙwallo ba, nauyi ne kawai. Ɗan ƙaramin kai mai sunkuyawa sama da ƙasa ya wadatar, don tsuntsu a kan bishiya ko hoton tsaye. Masu 'yan ƙafafu uku a gindi kuwa na masu bidiyo ne, kuma ko su ba a sakin hannu a bar kyamara a kai.

Abu ɗaya nake so ka sani don kada ka ji an cuce ka: wannan sanda ba ta maye gurbin mai ƙafa uku. Taurari, ko fitilun gari da dare, ko ruwan Tello mai gangarowa daga kan dutse yana zuba kamar auduga idan ka isa Ngaundare, duk ba aikinta ba ne. Aikinta ta ɗauke maka nauyi ta kashe rawar hannu. A milimita 300 hannu zalla yana son saurin ɗauka na 1/300 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri. Da sanda ni nakan sauko zuwa 1/100 hoto ya fito garau, in dai abin ba ya motsi. Wannan shi ne ribarka da asuba a bakin kogi, haske bai gama fitowa ba, kana jiran dorina ta ɗago ta yi hamma. Minti ashirin za ka iya yi ido a kyamara. Ba sanda, kafaɗa za ta gaji kafin dorinar ta buɗe baki.

Tsayuwar ma koyonta ake yi. Kada ka kafa ta a miƙe tsakanin ƙafafunka. Buɗe ƙafa, tura gindinta gaba kamar taku ɗaya, ka jingino ta wajenka, ka sa hannu cikin igiyar ka danna ƙasa kaɗan, ka manna kyamara a goshi. Kai da ita kun zama ƙafa uku. A cikin mota a daji kuma ka gajarce ta, ka kafa a kan kujera tsakanin cinyoyinka, ka roƙi direba ya kashe inji kafin ka danna.

Idan ka iso Garwa ka yi mini magana, ina da guda biyu, ta kabon da ta alminiyam. Sai mu sauka bakin Binuwai da yamma ka riƙe kowacce da kyamararka ka ji a hannunka kafin ka fitar da kuɗi. Allah ya kawo ka lafiya.