Tiyatar zuciya da mutum-mutumi: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, da gaske ne mutum-mutumi ke yi wa mutane tiyatar zuciya shi kaɗai?

Amsa: A'a, Malam. Likita ne ke zaune gaban allo yana juya hannayen na'urar, irin wadda ake kira "da Vinci". A 1998 aka fara gyaran bawul ɗin zuciya, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya, ta wannan hanya a birnin Faris. Ta ƙananan huji tsakanin haƙarƙari ake shiga, ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba, shi ya sa ake saurin warkewa.

Tambaya: In an tsayar da zuciya ana aiki, ai mutum ya mutu ke nan?

Amsa: Da ransa. Wata na'ura ce ke karɓar jinin, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Tun 1953 Dakta John Gibbon ya yi aiki da ita a Amurka. A tiyatar ƙananan huji, yawanci ta jijiyoyin cinya ake jona ta.

Tambaya: 'Yata mai shekara 13 an ce bawul ɗin zuciyarta ya lalace. Muna tara kuɗin zuwa Indiya a yi mata ta mutum-mutumi. Mun daina allurar wata-wata, wanzami ya yi mata tsaga a ƙirji saboda haki.

Amsa: Haba Hajiya! Tsaga kuma? Aska ba ta kai wa ga bawul, sai dai ta ƙara mata ƙarancin jini, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, su kuwa lalataccen bawul suke nema su maƙale. Ki kai ta asibiti yau ɗin nan.

A ƙasarmu irin wannan ciwo kan faro ne daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, garkuwar jiki ta koma tana cin bawul. Duk lokacin da ciwon ya dawo, ɓarnar ƙaruwa take. Allurar penisilin da kika daina ita ce ke hana shi dawowa, kuma ko an yi tiyata sai an ci gaba da ita shekara da shekaru. Na san tana da zafi, yara na gudunta. A lallashe ta a yi.

Sannan ba kowane bawul ke gyaruwa ta ƙananan huji ba. Hoton zuciya na eko ne zai nuna, wani sai an buɗe ƙirji, kuma wannan ma aiki ne mai kyau. Kada jiran mutum-mutumi ya cinye muku lokaci. In ƙafafunta sun kumbura, ko ba ta iya barci sai an jingine ta da matasai, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, kada ki jira gari ya waye. Ƙannenta ma, duk wanda ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, kada a yanke masa beli.