Kwamfuta ba ta "hangin": amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin duk sun karkata wajen kwamfuta, kamar an ce muku na ajiye nazarin harshe na kama shagon gyara. Ba laifi, mu je zuwa.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura: Malam, kwamfutata kullum sai ta yi hangin, mene ne hangin da Hausa, kuma ya zan yi da ita?

Ɗana, wannan kalma ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Ba don aro ba ce, ai kwamfutar ma aro ce, tebur aro ne, mota aro ce. Haushina shi ne kun ɗauki ciwo huɗu kun cusa a buhu ɗaya, sai ka je wajen mai gyara ka ce "tana hangin", shi kuma bai tambaye ka komai ba ya ce a bar ta a dawo jibi. Alhali Hausa ta raba su tun kafin a haifi kakan kwamfuta.

Akwai daskarewa, irin ta man shanu da safiyar hunturu. Hoton yana nan a allo, amma kibiya ba ta motsi, ka danna duk abin da za ka danna shiru. Wannan ba ta jin lallashi, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu, sannan ka sake kunna ta. Akwai cijewa, kamar yadda ƙofa ke cijewa da damina, gidan lafiya lau, ƙofa ɗaya ce ta ƙi. Wato manhaja guda ce ta tsaya, sauran suna aiki. A nan kashe kwamfutar gaba ɗaya wauta ce, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka nemo mai taurin kan ka rufe ta ita kaɗai. Sai nauyi, tana tafiya amma kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, kuma rantsuwa zan iya yi naka ke nan, don na san ku, kwamfuta mai RAM 4GB, wato ƙaramin wurin riƙe aikin da take kai, ka buɗe shafi ashirin a Chrome ga waƙa ga Word, sannan ka ɗora ta bisa katifa ka toshe mata hanci, ga ƙurar Katsina ta cika fankar tun bara ba a busa ba. Ɗora ta kan tebur ko faranti, rage shafukan, ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna. In da hali a canza mata tsohon hadis, wato rumbun ajiyarta, a sa SSD, sabon rumbu mai sauri, za ka yi zaton sabuwa ka sayo. Na huɗun suma ce, allo ya yi baƙi amma 'yar fitilar tana ƙyaftawa. Barci take, taɓa wani maɓalli za ta farka. Na ga wanda ya hau mashin har kasuwa wai tasa ta mutu, yaron shago ya danna maɓalli ɗaya ya karɓi kuɗin shayi.

To wanne ne naka? Ka sake turo tambayar da sunan ciwon.

Wata malama daga Daura: Malam, abin nan da ake juya kibiyar allon kwamfuta da shi, ɓera ya dace a ce ko linzami?

Malama, linzami. Ɓera fassarar siffa ce kawai, Bature ya ga abu da wutsiya ya sa masa suna, yanzu ma wutsiyar ta tafi tunda da yawansu ba waya. Linzami kuwa aikin ya duba, ke da kike ganin hawan sallah a ƙofar fada ba sai na gaya maki abin da ake juya doki da shi ba. Asalin kalmar daga Larabci ne, lijam, kuma ita ce dai a makami mai linzami.

Wani bai faɗi unguwarsu ba: daga ina aka samo "manhaja"?

Larabci, manhaj, tsarin da ake bi. Da can manhajar karatu kawai muka sani, 'yan jarida suka ja ta zuwa kwamfuta da waya, ta kuma zauna daram.

Wani Alhaji daga Ƙofar Marusa: Malam, na ji ana cewa "gyaran gangar Auzinawa". Me ake nufi? Na tambaya ne don mai gyara ya ce sai an yi wa kwamfutar gidana fomatin, ɗana ya ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya fi mai gyaran hankali. Ana faɗin haka ne ga gyaran da ya bar abu ya fi da lalacewa, ƙanwar maganar ita ce garin gyaran gira a rasa ido. Auzinawa mutanen Abzin ne, wajen Agadas a Nijar. Ka lura da Abzin da Auzin, abu ɗaya ne da zamna da zauna, amre da aure, sabka da sauka. Mu nan Katsina da Sakkwato mun riƙe tsohuwar siffar, Kano ce ta tausasa ta zama wasali, amma sai ka ji yaro ɗan Katsina yana yi wa kakarsa dariya don ta ce "zamna", wai ba ta iya Hausa ba. Ita ce ke kan asali, kai ne ka biyo littafi. Ko wannan saukewa da kuke yi daga intanet, tsohon Bakatsine sabkewa zai ce, kuma bai yi kuskure ba.

Mu koma kan fomatin. Ma'anarsa a share rumbun tas a sake zuba Windows, duk abin da ke ɓangaren da aka share ya tafi, hotunan biki, takardun fili, lissafin shago. Ni ganau ne ba jiyau ba. Shekarun baya na kai tawa wani shago don sauti ya ɗauke, sauti kawai fa, na je sallar la'asar na dawo na tarar yaron yana murmushi yana cewa Baba na yi mata wanka. Karin maganar da na yi shekaru ina tattarawa a bakin tsofaffi, daga Mashi har Dutsin-Ma, suna cikin wankan. Sautin kuwa ya dawo, ba zan yi masa ƙarya ba. Saboda haka Alhaji kafin kowa ya taɓa ta a kwashe komai a filash ko wani hadis na waje, ka buɗe da idonka ka ga sun shiga. Kuma a tambaye shi wane ciwo ne zai sa a yi fomatin, in ya ce bayros ne, a fara bincikawa da Windows Security da ke cikinta, kyauta ne.

Wata mai buga takardu: Malam, dole ne sai na sa ƙugiya a ɓ, ɗ, ƙ? Ai ana ganewa. Kuma babu su a kibod ɗina.

'Yata, "ai ana ganewa" ita ta kai mu inda muke. Rubuta wa mutum "ana neman ka a fada" da "ana neman ka da faɗa", ki cire ƙugiyar ki ga wace riga zai sa ya fito. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, kasa da ƙasa. Haruffan nan tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko, masu injin bugawa na ƙarfe ma sun wahala sun samar da su, sai mu da komai ke ƙarƙashin yatsa ne za mu ce babu? Na ga katin ɗaurin aure, da ruwan zinare da komai, an rubuta "daurin aure" da "yan uwa", kuɗin takarda ya fi na ilimi. A Word ki rubuta 0199 ki danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. 0253 na ɓ ne, 0257 na ɗ, manyansu kuma 0198, 0181 da 018A. Sai dai in harafin da ke gaban lambar a ne ko b, c, d, e, f, Word zai haɗa shi cikin lissafin ya ba ki shirme, don haka a irin "baƙi" ki sa U+ kafin lambar. In kin gaji da haddar lamba, Windows na da kibod ɗin Hausa a wajen saitin harshe, ki ƙara shi, maɓallin Windows da na tazara ke sauya miki tsakaninsu. A waya kuwa Gboard na da Hausa, ba ki da uzuri ko ɗaya.

Wani daga Ƙofar Sauri: na ƙi rabuwa da Windows 7, ai da tsohuwar zuma ake magani, ko ba haka ba Malam?

Karin maganar daidai, wurin ne ba nata ba. Zuma ba ta ruɓewa shi ya sa aka yi misali da ita, ita kuwa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina turo mata gyaran tsaro, Windows 10 ma wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025. In rubutu kawai kake yi ba ka hawa intanet, ci gaba da abinka. Amma kar ka shiga asusun bankinka da ita.

Wani yaro: wani saƙo ya fito a allo wai na ci kyautar waya, in danna. Yayata ta ce banza ba ta kai zomo kasuwa, me take nufi?

Tana nufin kar ka danna.

Ta ƙarshe, kalmar sirri ko lambar sirri? In haruffa ne kalma, in alƙaluma ne zalla kamar na katin banki lamba. Mai tambaya a kan "goge" da "share" ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, an ɗauke wuta kuma batirin tawa ba ya riƙe caji.