Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hoton KTTV Ke Dishi-dishi a Daura?

Tambaya: Ina son iyalina su riƙa kallon labaran jiha da shirye-shiryen noma da kiwon lafiya na KTTV, gidan talabijin na jihar Katsina, amma hoton dishi-dishi yake fitowa, da damina kuma sai murya kawai. Na sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ta canza komai ba. Ina mafita? Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Malam, babbar matsalarka nisa ce. Tsakanin Daura da birnin Katsina akwai kimanin kilomita 80, siginar talabijin kuwa a miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa yadda rediyo mai matsakaicin zango ke yi. A misali, idan ƙarfen tasha ya kai mita 100, eriyarka kuma tana mita 9 a sama, iyakar inda za su hango juna bai wuce kilomita 53 ba. Bayan nan ragowar sigina ce ke isowa, shi ya sa wani lokaci za ka ga hoto ya gyaru da dare ko da asuba, rana na ɗagawa ya lalace. Wannan ragowar ita za ka tattala.

Ajiye eriyar cikin ɗaki. Nemi doguwar eriya mai haƙarƙari da yawa, ka ɗaura ta a bututun ƙarfe sama da rufin kwano, gefen gajerun haƙarƙarin yana duban yamma, wato Katsina. Wani ya tsaya gaban talabijin yana faɗa maka, kai kana juyawa kaɗan-kaɗan har hoto ya zauna, sannan ka ɗaure.

A waya ne mafi yawan mutane ke yin asara ba su sani ba. Sayi mai lamba RG6, guda ɗaya ba ɗori. Ko ita mai kyau ce, kowace mita 15 na iya cinye kusan rabin siginar, don haka kada ka bar saura a naɗe bayan kabad. Raba waya zuwa talabijin biyu ma yana cin fiye da rabi. Abin da ke faruwa da kai da damina kuwa, galibi ruwa ne ke shiga ta mahaɗar da ke jikin eriya, ya bi cikin waya, tagulla ta yi tsatsa. Yanke bakin wayar ka duba: in ka ga kore ko baƙi, canza ta gaba ɗaya. Naɗe sabuwar mahaɗa da tef, ka bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta shiga taga, ruwa ya ɗige a waje.

Busta a saman bututu ake ɗaura ta, kusa da eriya. In tana bayan talabijin, siginar da ta riga ta lalace a hanya take ƙara wa ƙarfi, har da hayaniyarta.

Roƙo ɗaya muke yi maka: bututun ya yi nesa da wayar wutar lantarki, a haɗa shi da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, kuma in hadari ya taso a zare wayar eriya daga talabijin. Tsawa ba ta ba da lokaci.

Tambaya: Namu dish ne, amma ana fara ruwa labaran ƙarfe tara na NTA ke yankewa. Dikoda ce ta lalace? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Hajiya, dikodarki lafiya lau. Ruwa mai ƙarfi yana shanye siginar tauraron ɗan'adam, da ya tsagaita hoto zai dawo. Idan yayyafi kaɗan ma yana yanke shi, to iska ta goce da saitin dish ɗin, ko murfin LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, ya tsage ruwa na shiga. A kira mai gyara ya sake saiti yana duban ma'aunin ingancin sigina a allo, ya ɗaure notuna sosai. In dish ɗin mai faɗin santimita 60 ne, a musanya shi da mai 90.