Amsa ga Hajiya kan fasa gilashin mota da dare

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Ga waɗanda ba su ji ba, an fasa mata gilashin mota cikin dare a ƙofar gida, an ɗauke jakar da ke kujerar baya da laftof a ciki, shi ne take tambaya wanne ya fi, ta sa wa motar ƙararrawa ko ta kafa kyamara. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

To Hajiya, ni dai a ganina ki ajiye maganar duka biyun tukuna. Mai fasa mota a unguwa yawanci ba wai ya kwana da ke a rai ba ne. Layi yake bi, yana haska tocila cikin motoci ɗaya bayan ɗaya, yana jan mariƙin ƙofa. Wadda ta buɗe, ya shiga. Wadda ya hango jaka a ciki, ya fasa. Wadda ya leƙa bai ga komai ba, ya yi gaba, don ba shi da lokacin ɓatawa. Ba laifi nake ɗora miki ba wallahi, amma kin san an ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai wasu masana harkar laifuka biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, da suka yi bayani a 1979 cewa sata ba ta faruwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya: mai niyya, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai sa ido. Na farkon ba ya hannunmu. Biyun ƙarshe kuwa namu ne, kuma na tsakiyar ko sisi ba ya ci.

Saboda haka kada a bar komai a fili. Kuma in na ce komai, har jakar da babu komai cikinta, don shi bai san wofi ce ba sai ya riga ya fasa. Wayar caja da ke lilo a gaba tana gaya masa ƙila akwai waya. Har shatin robar nan da ake manna mariƙin waya a gilashin gaba, a goge shi. Riga da aka lulluɓa a kan wani abu ma ta fi komai jan ido, kowa ya san ɓoyo aka yi. Sannan wani abu da mutane ke yi, sai sun iso sun faka, su fito, su buɗe but, su zuba kaya a gaban jama'a, su tafi. Ai kin nuna masa wurin ke nan. In dole kaya su zauna a but, a sa su tun daga inda aka taso. In kuma kwana motar za ta yi, a shiga da su gida kawai. Takardun mota na asali da makullin safeya, wato na biyun da ake ajiyewa, waɗannan ko a aljihun gaba kada su kwana.

Dalilin da ya sa ban ɗauki ƙararrawa da girma ba shi ne, gilashin gefe a yawancin motoci an ƙera shi ne ya tarwatse ƙanana-ƙanana da bugu ɗaya, don kada ya yanki mutum in an yi haɗari. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an fasa, an miƙa hannu, an ɗauka. Wasu ƙararrawar ma da ƙofa aka haɗa su, in ba a buɗe ƙofa ba shiru za ki ji. Wadda ta yi kuka kuma, ku gaya mini tsakani da Allah, wa ke tashi ƙarfe uku na dare don motar wani ta yi ihu? Juyi mutum yake yi ya gyara filo. In za ki saya, ki tambayi mai haɗawa ko tana jin fashewar gilashi da motsi a cikin mota, kuma ki sa ya gwada a gabanki.

Yawwa, batun kullewa. Kada a yarda da danna rimot kawai a juya baya. Akwai na'urar da ke toshe siginar rimot, ki danna, motar ba ta kulle ba, ke kuma kin tafi. A tsaya a ja ƙofar da hannu. Masu motocin da ba a zura musu makulli kuwa, taku matsalar daban ce. Mutum biyu ne, ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gida da na'ura ta kamo siginar makullin da ke rataye a ciki, ta miƙa wa na kusa da motar, ita kuma motar ta ɗauka mai ita ne ya zo, ta buɗe. Ba fasa, ba ƙara. Maganinsa a nisanta makullin daga ƙofa da taga, a sa shi cikin 'yar jakar nan mai tare sigina ko gwangwanin ƙarfe mai murfi. A gwada: a sa makullin ciki, a tsaya jikin motar, a ja ƙofa. In ta buɗe, jakar ba ta aiki. Kada a manta da na safeya, shi ma magana yake yi da motar.

Sai kuma waɗanda ba ruwansu da cikin mota, jikinta suke so: batir, madubin gefe, taya, lamba. Taya a sa mata noti mai makulli, lamba a ɗaura ta da kusoshin da ba sa kwancewa da sukundireba. Wanda ya fi ciwo shi ne katalis, tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu daraja a ciki, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma a 2021 rodiyam ya ninka zinariya tsada fiye da sau goma. Cikin minti kaɗan ake yanke ta, musamman a manyan motoci masu tsayi da ake shiga ƙarƙashinsu ba tare da jak ba, da masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius. Ana ɗaura mata faranti ko kejin ƙarfe, makaniki ya sani.

Kyamara kuwa shaida ce, ba ta riƙe hannun kowa. Kuma in aka kafa ta can saman rufi, hula kawai za ki gani. A sauko da ita inda za ta kama fuska, a ba ta haske. Ni in kuɗin abu ɗaya gare ni, fitilar da ke kunna kanta in ta ji motsi zan fara saya, in kuma riƙa fakawa inda taga ke kallon motar, ba bayan katanga ko ƙarƙashin bishiya mai duhu ba. Mu kuma 'yan guruf, duk wanda ya ga ana bin motoci da tocila, ya kunna fitila, ya kira hukuma, ya sanar a nan. Kada wanda ya fita shi kaɗai da sanda, ba ka san su nawa ba ne ko me ke hannunsu.

Hajiya, ke kuma tun yau ki canza kalmomin sirrin imel da na banki da duk abin da ke buɗe a laftof ɗin. Ki duba kwalinsa ko rasit, lambar jikinsa tana nan, ki kai wa 'yan sanda tare da hoton gilashin kafin a gyara. Maƙwabtan da kyamararsu ke kallon layin, don Allah a duba yau, kafin na'urar ta goge na daren jiya. Wassalam.