Ɗiyata ta ɗauki damuwar ƙawarta ta aza a kai

Tambaya: Salamu alaikum Anti, daga Kaura Namoda nake rubutowa. Ɗiyata shekararta 16 tana SS2, da yarinya ce mai fara'a amma tun da ta shaƙu da wata ƙawa da iyayenta suka rabu bara sai ta canza, dare ya raba sai ki ga hasken waya ƙarƙashin bargo suna hira a WhatsApp har ƙarfe 2, da safe ido jajir, tuwo ma taɓawa kawai take ta ture. Babanta ya ce a karɓe wayar a raba su. Don Allah mi zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma wannan ƙawar ba yarinyar banza ba ce, yarinya ce da ke cikin ƙunci ta rasa babban da za ta faɗa wa sai ɗiyarki. Damuwa kuwa tana naso, in yara biyu suka riƙa maimaita baƙin ciki ɗaya kullum ba mafita, su duka ne ke nutsewa, ga rashin barci da shi kaɗai ya isa ya sa yarinya fushi da kasala a aji. Kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna abu kafin a aikata ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kin ga kayan sun fi ƙarfin wuyanta.

Ni dai ban goyi bayan Alhaji kan raba su da ƙarfi ba, wallahi wayar maƙwabta za ta ara, ke kuma ki rasa sirrinta. Ku yi doka, ƙarfe 10 waya ta kwana ɗakinki. Sannan ki ce ta kawo ƙawar gida, ki zuba musu fura, ki zauna ki saurara ba faɗa ba wa'azi, daga baya ki nemi uwarta ko gwaggonta ku yi magana.

Ki tambayi ɗiyarki a tsanake ko ƙawar ta taɓa cewa ta gaji da rayuwa, ko ta fara shan kodin ko taramol. In amsar e ce, kar ki jira, a sanar da manyanta ranar, a kai ta ganin likita a asibitin tarayya na FMC Gusau. Taki ma in ta wuce sati 2 ba ci ba walwala, ku tafi tare.