Excel ya daina lissafi bayan gyara: in sayi sabuwar kwamfuta?

Tambaya: Malam, ina sayar da wake da aya a babbar kasuwar Maradi, ɗana ne ke riƙe mini lissafi a Excel. Kwanan nan mai gyara ya sake zuba wa kwamfutar Windows da Office. Tun daga ranar, ko mun canja yawan buhuna ko farashi, jimilla ba ta motsi. Ya ce injin ne ya tsufa, yana da wata ta jaka 180. In saya?

Amsa: Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Tsohuwar kwamfuta takan yi nawa, amma tsufa ba ya sa ta manta tarawa. Mai gyara kuma, kowa ya san yana da kayan sayarwa.

Ka sa yaron ya buɗe fayil ɗin ya danna F9. In jimillar ta canja nan take, an gano cutar: Excel ya koma lissafin hannu, sai an taɓa shi yake aiki. A na Faransanci, wanda mafi yawanmu ke amfani da shi nan Nijar, ya shiga Formules, sannan Options de calcul, ya zaɓi Automatique, ya adana. In F9 bai isa ba, Ctrl da Alt da F9 a tare suna tilasta masa sake lissafin komai.

Akwai tarko a nan. Excel yana ɗaukar tsarin lissafinsa daga fayil na farko da aka buɗe, sauran duk su bi. To in abokin cinikinka na Jibiya ko Kano ya turo takarda ta WhatsApp wadda aka adana da lissafin hannu, yaro ya fara buɗe ta da safe, littafinka ma ya kamu, kuma da ya adana shi ke nan ta zauna masa. Littafinku za ku riƙa buɗewa da fari. Takardar da ta zo ta intanet kuma takan buɗe da layi rawaya a sama, ba ta aiki sai an danna Activer la modification.

In F9 bai motsa komai ba, zargina na kan waƙafi da ɗigo. Tsarin Faransanci 12,5 yake rubutawa, na Ingilishi 12.5, kuma masu gyara sukan zuba Windows su bar shi a tsarin Amurka. Tsofaffin lambobinku suna nan lafiya, sababbin da yaro ke bugawa da alamar da ba ta dace ba su ne Excel kan iya ɗauka a matsayin rubutu. SOMME kuwa, wato fomular tarawa, tsallake rubutu yake yi, ba ya ko tari. Haka ma in an buga 25000 aka liƙa masa F a baya don a nuna sefa ne. Ku dubi gidan da aka buga lambar da kyau: lamba ta gaskiya tana jingina dama, wadda ta zama rubutu tana jingina hagu, wani lokaci da ɗan kore a kusurwa. A gyara tsarin yanki (ƙasa) a saitin Windows, a sake buga waɗanda suka lalace. Kafin a taɓa komai dai, a kwafi fayil ɗin a kile (USB).

Tambaya: Ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Tibiri. Office 2016 gare mu. Takardar maki da aka aiko mana tana nuna #NOM? a wurare da yawa. Sai mun sayi sabo?

Amsa: Hajiya, ki danna ɗaya daga cikin gidajen ki dubi fomular. In kin ga _xlfn. a cikinta, wanda ya aiko ya yi aiki da fomular da naku bai sani ba, galibi RECHERCHEX, wadda babu ita a 2016 da 2019, sai daga 2021 ko Microsoft 365. Hanya mafi araha ita ce ki roƙe shi ya maye ta da RECHERCHEV ya sake turowa.

Sayen sabo yana da hujjarsa ta daban: Microsoft ya daina kula da Office 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10. In makaranta za ta saya, na fi son Office 2024, da ake biya sau ɗaya, a kan 365 mai kuɗin wata ko shekara. In babu kuɗi, LibreOffice kyauta ne, ya fi mini wanda ake fasawa a zuba a shago. Sai dai ba ya sake lissafin fayil ɗin Excel da kansa lokacin buɗewa, don haka ki danna Ctrl da Shift da F9 kafin ki buga makin yara.