Makanikal ko Lantarki? Amsoshin wasiƙunku

Wani ɗalibi daga Funtuwa ya rubuto: "Malam, zan cike fom ɗin JAMB, hankalina ya rabu biyu tsakanin injiniyan injuna, wato Makanikal, da injiniyan lantarki. Ina tsoron in zaɓa in yi nadama, har barci ya ƙaurace mini."

Kwantar da hankalinka, ɗana. Darussa huɗun da za ka rubuta iri ɗaya ne: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Karatun duka shekara 5 ne, kuma a shekara biyun farko kusan aji ɗaya za ku zauna. Sai a aji uku hanya take rabuwa sosai. Ɗan Makanikal yana fama da abin da ido ke gani: ƙarfe, zafi, gudun ruwa da iska, zanen sassan inji. Ɗan lantarki kuwa abin da yake bi ba ya ganuwa, sai dai ya kamo shi da lissafi da mita, don haka in lissafi yana ba ka wuya ka yi tunani sau biyu. Ka tuna ranar da janaretan gidanku ya ƙi tashi. Ina hannunka ya fara zuwa, wajen fulogi da kabureta, ko wajen wayoyi? Amsarka tana kusa da nan. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbata kwas ɗin yana da amincewar NUC (hukumar kula da jami'o'i) da COREN (hukumar kula da aikin injiniya) a jami'ar da ka zaɓa, domin COREN ce za ta yi maka rajistar injiniya daga baya.

Wani kuma daga Gusau, layi ɗaya tak: "Wanne ya fi kawo kuɗi?"

Wannan tambayar ta ishe ni. A tashar Shiroro, farfelar da ruwa ke juyawa aikin ɗan Makanikal ce, wutar da ke fita aikin ɗan lantarki. Kamfanin siminti na Sakkwato da matatar Ɗangote ba sa aiki da ɗaya babu ɗaya. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 aikin sola ya buɗe, ɗan lantarki ya fi saurin tsayawa da ƙafarsa. Amma wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi, tun aji biyu lissafi yake korarsa.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Azare. Ɗanta yana ajin ƙarshe, ya ce ta sayar da tumakinta biyu ya sayi furojet, wato aikin kammala digiri, wanda wani ya riga ya haɗa, wai kowa haka yake yi.

Hajiya, don Allah kada ki kai tumakin nan kasuwa. In kuɗin sayen kayan haɗi ne, waya, batir, ƙarfe, ladan walda, ki ba shi da hannu biyu, ya kawo miki rasit. Amma a ce wani ya ƙera, ya rubuta, ɗanki ya sa suna kawai, wannan jabu ne, bai da maraba da jabun magani. Cutar ma ba daga nan take farawa ba. A aji huɗu ana tura ɗalibai SIWES, wata 6 a masana'anta, shirin da hukumar ITF mai kula da horo a masana'antu ta ɓullo da shi tun 1973 don kada injiniya ya fito da takarda zalla. Yau yaro zai kwanta a gida wata shidan nan, ya cike littafinsa da ƙarya, ya nemi wanda zai buga masa hatimi. Da idona na ga wani mai digirin lantarki an miƙa masa mita ya auna batir. Ya juya ta wajen awon karan (gudun wuta) maimakon na bolt, ya ɗora a kan kawunan batirin, fis ya ƙone nan take. Wani yaron shago da bai gama sakandare ba shi ya karɓa ya gyara. Irin wannan injiniyan ne gobe zai ja wayar gidan mutane, ya sa siririya inda ake buƙatar mai kauri, wuta ta tashi cikin dare. Ki ce masa ya koma wajen malamin da ke duba aikinsa, ya zaɓi ƙaramin abu da zai iya ƙerawa da hannunsa. In walda ko juyin ƙarfe ya gagare shi, ya je wajen masu sana'a irin na Panteka a Kaduna, ya tsaya a kansu, ya riƙe guduma tare da su.

Wata ɗaliba daga Kano ta tambaya ko dole ta sayi laftof tun ajin farko.

Ba dole ba ne, 'yata. Kalkuleta mai kyau da kayan zane sun ishe ki yanzu. In lokacin manhajojin zane da lissafi, AutoCAD da MATLAB, ya zo, ta hannu ma ta wadatar, muddin RAM ɗinta, wato ma'adanar da take aiki da ita, bai gaza 8GB ba. Ki tafi kasuwar kwamfuta ta Bairut Rod da wanda ya san kan kwamfuta, ku cire caja ku bar ta a kunne rabin awa ku ga yadda batirin zai yi.